Doyar Adogi a Minti Biyar

Wani mutum ne a nan Lafia, a layin masu doya. Ba zan kama sunansa ba. Ba don ina jin tausayinsa ba, sai don matarsa mutuniyar kirki ce, kuma ita za ta sha kunyar.

Mutumin nan ba shi da buri a duniya irin ya rataya lasifikar ƙungiya. Ƙungiyarmu ta masu doya tana da wata jar lasifika mai igiyar kafaɗa. Mai shela ne yake zagaya kasuwa da ita, ya faɗi ranar taro, ya faɗi ranar shara, ya ce mai baƙar akuya ya zo ya ɗauke kayarsa daga rumfar mutane. Wanda yake riƙe da ita haƙoransa suka zube, magana ta daina fita daidai, 'yarsa ta zo ta tafi da shi Keana. Lasifika ta koma akwatin Hajiya Zuwairatu, shugabarmu, wata huɗu ba mai ita. Shi kuwa mutumin namu shekara tara yana jiran wannan rana. Maƙwabtansa sun ce a tsakar gida yake gwaji da mazurarin manja, yana yi wa kaji shela.

Hajiya Zuwairatu ba ta ba da abu don kawai mutum yana so. Ya aika mata dattijai, ta ce ta ji. Ya je da kansa ya durƙusa, ta ce ya tashi yana tare mata masu saye.

Ana nan sai Tersugh, wani manomi da ke kawo mana kaya daga Adogi, ya haƙo wata doya a gonarsa. Na ga doya a rayuwata, amma ban ga irin wannan ba. In aka tsayar da ita tana kai wa Tersugh ƙirji, kuma Tersugh ba gajere ba ne. Maza uku suka ɗago ta daga rami, ɗaya har yau yana ɗingishi. Ƙungiya ta cika mota biyu muka tafi gani. Mutumin namu ya ce shi zai ɗauki bidiyo, don ya sayi waya 'yar gwanjo mai idanu uku a baya.

Kun san halinmu. Ba a nuna doya kafin a gaisa. Liman ya buɗe da addu'a, fasto ya buɗe da tasa. Dattijan Hausawa suka gaida na Tibi, na Tibi suka rama. Alago suka tashi, Eggon suka tashi, Migili suka ce ai su ma ba a bar su a baya ba. Kowa ya karɓi magana sai ya fara da cewa ba zai tsawaita ba. Kusan awa uku mutumin yana tsaye da waya a hannu yana ɗauka. Daga ƙarshe aka yaye buhun da aka rufe doyar da shi. Ya ɗauke ta minti biyu, caji ya ƙare.

Nguavese, matar Tersugh, ta dubi rana, ta dubi baƙi sun fi hamsin ba wanda ya ci komai. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta sa aka sassare doyar aka ɗora. Muka ci sakwara da miyar agushi har muka kasa tashi. Sai a mota muna dawowa wani ya ce, to yanzu in an ce mu nuna ta fa?

Aka kuwa ce. Masu doya na Doma suka ji labari suka yi ta dariya. Shugabansu, Alhaji Lawal, ya aiko a tambaye mu ko da tsani ake hawanta. Duk motar da ta zo daga Doma sai direba ya leƙo ya ce a gaida doyar da ba a gani. Abin ya ci wa Hajiya Zuwairatu rai. Ta aika musu cewa su zo taronmu ranar Asabar ta sama, su gani da idonsu a babban talabijin.

Sannan ta kira mutumin namu.

"Doyar tana cikin wayarka?"

"Tana ciki, Hajiya, lafiyarta ƙalau."

"To ka ji. In mutanen Doma suka ga doyar nan ranar Asabar, lasifika taka ce. In ba su gani ba, ko mazurari na gan ka da shi sai na karɓe."

Ya ce ai an gama. Ya fita yana taku kamar an riga an rataya masa.

Babban talabijin ɗin na Norbert ne, mai gidan kallon ƙwallo a bayan tasha. A nan za a yi taron, don yana da bencina da janareta. Mutumin ya je ya miƙa masa waya ya ce a zuba. Norbert ya kwashe bidiyon a filas, ɗan abin nan na ajiyar fayil, ya soka a jikin talabijin. Manhajar da ke kunna bidiyo ta yi ta juya wani ɗan zobe a allo, ta juya, ta juya, sannan ta fito da jan rubutu.

"Oga, e no go enter," in ji Norbert, wato ba zai shiga ba.

Mutumin ya ce a sake sokawa da ƙarfi. Norbert ya ce ba maganar ƙarfi ba ce. Ya zaunar da shi ya yi masa bayani da irin Hausarsa. Manhajar nan ta kyauta ce, tana da sharaɗi uku. Na ɗaya, fayil sai wanda sunansa ya ƙare da MP4, nasa kuwa MOV ne. Na biyu, hoton sai a kwance, da faɗi, kamar yadda talabijin yake, shi kuwa a tsaye ya riƙe waya. Na uku, ba ta karɓar abin da ya wuce minti biyar. Ko sakan ɗaya ya ɗora sai ta tofar.

Mutumin ya karɓi wayarsa ya koma gefe. Bai yi minti ɗaya ba ya dawo yana murmushi, ya ce an gama da na ɗaya. Ashe sunan ya goge, ya rubuta MP4 a ƙarshe. Aka soka. Jan rubutu ya dawo.

Norbert ya dube shi ya ce, "Oga, in na sa wa akuya na suna mota, zai kai ni Makurdi?"

Ya ce masa ya bar wayar, ya je ya sha shayi ya dawo. Aikin minti goma ne. Zai yanko wurin doyar kawai, minti biyun nan, ya juya shi zuwa irin da manhajar take so, shi ke nan.

Mutumin ya ƙanƙame wayarsa. A ransa ya ce wato Norbert ya yi aiki, gobe a ce Norbert ne ya fitar da ƙungiya kunya, jibi a ga jar lasifika a kafaɗar mai gidan ƙwallo. Ya ce a'a, a nuna masa dai yadda ake yi. Norbert ya ɗaga kafaɗa, ya sa masa wata manhajar gyaran bidiyo a waya, ya nuna masa wurin dannawa huɗu. Ga almakashi na yankewa. Ga na ƙara gudu. Ga na juya hoto. Ga na ajiyewa a MP4 na gaskiya. Ya ce a cikinsu almakashi ne mai aikin.

Da mutumin ya yi shiru da bakinsa, da labarin ya ƙare a nan. Amma mai son lasifika ba ya iya shiru. Kafin la'asar duk layin doya ya ji cewa bidiyon awa uku za a mayar minti biyar, kuma almakashin yana hannunsa.

Baffa Ya'akubu ne ya fara zuwa. Shi ne dattijon da ya fi kowa daɗewa a kasuwar, kuma shi ya fi kowa daɗewa a bidiyon, minti ashirin cur. Ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma, ya ajiye wata doya mai kyau a gefe kamar ya manta da ita. Ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi ciwon ƙafar da mutumin ya yi bara waccan. Ya ce ba wani abu ya kawo shi ba, wucewa yake yi. Sai da ya sa takalmi ɗaya ya ce, af, jawabin nan nasa akwai tarihin kasuwa a ciki, jikoki za su so su ji.

Mutumin ya ce, "Baffa, ni in sa maka almakashi? Ko tarin da ka yi ba zan taɓa ba."

Washegari da safe sai ga Ortese, dattijon manoman Tibi, da doyar da ta fi ta Baffa. Shi bai yi kwana-kwana ba.

"Na ji Ya'akubu ya zo. In ka bar Hausa ya yi magana ka yanke Tibi, za mu ji. Ni ban ce komai ba."

Mutumin ya rantse masa cewa ko hularsa ba za ta yi ciwon kai ba.

Daga nan hanya ta buɗe. Alago suka zo, Eggon suka zo, Migili suka zo. Matan ƙungiya suka zo bibbiyu. Wanda ya fassara jawabi ya zo, wanda ya gyara wa mai fassara ya zo. Akwai wanda bai ce uffan ba a bidiyon, atishawa kawai ya yi a bayan fasto, shi ma ya kawo tasa. Akwai wanda gwiwar hannunsa kaɗai ta fito, ya ce iyalinsa sun san gwiwar. Kowa da doya a hammata, kowa ba wani abu ya kawo shi ba. Kowa kuma ya tafi da alkawari. Doya arba'in da ɗaya aka jera a zauren mutumin.

Matarsa ta ce, "Maigida, mayar musu da kayansu. Wannan ba kyauta ba ce, igiya ce."

Ya ce mayar da kyautar dattijo rashin kunya ne, shi ba a haife shi da wannan ba. Ya ce ta ɗora tukunya.

Kwana shida turmin gidan bai huta ba. Sakwara da safe, sakwara da rana. Aka kai wa maƙwabta, aka kai wa surukai, har taɓarya ta tsage aka aro wata. Ranar Alhamis Hajiya Zuwairatu ta gamu da shi a bakin kasuwa, ta tsaya ta ƙare masa kallo.

"Kumatunka sun fara sheƙi. Ina bidiyo?"

"Ana kan aiki, Hajiya."

"Aikin muke ji har layin manja. Tim, tim."

Ta wuce abinta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zauna a gindin mangwaro da waya. Matarsa tana gefe tana ɓare agushi. Ya buɗe manhajar gyara, ya ɗauko almakashi, ya kai kan Baffa Ya'akubu. Sai ya tuna doyar Baffa, da miyar kuɓewa aka ci ta. Ya matsa gaba. Ortese, soyayya aka yi da ƙwai. Mai atishawa, fate. Duk wanda ya kai wa almakashi sai ya ji shi a cikinsa. Ya bi bidiyon daga farko har ƙarshe bai samu mutum ɗaya da bai ci ba.

Sai idonsa ya faɗa kan wurin ƙara gudu.

Ya danna ninki huɗu, iyakar abin da manhajar take bayarwa ke nan. Awa uku saura minti ashirin ta koma minti arba'in. Ya ce Allah mai iko. Ya danna ajiyewa. Waya ta ce ba wuri, ta cika. Ya dubi tsohon bidiyon, ga shi ƙato ya cinye wuri, ga sabo ɗan madaidaici kuma kowa na ciki. Ya goge hotunan bikin ƙanwarsa ya samu ya ajiye sabon, sannan ya goge tsohon gaba ɗaya don waya ta sha iska.

Ya ɗauko na minti arba'in ya sake ba shi ninki huɗu. Ya koma minti goma da 'yan kai. Ya ajiye, ya goge na baya. Ya sake ninka shi biyu.

Matarsa ta ɗago kai ta ce ɓeraye sun shiga rumbu. Ta tashi ta ɗauko tsintsiya. Ya ce ta zauna, Baffa Ya'akubu ne yake ba da tarihin kasuwa.

Saura maganar kwanciya. Ya danna wurin da ake mayar da hoto mai faɗi. Manhajar ta cika allo, amma ta sare sama ta sare ƙasa. Ba kai, ba ƙafa. Tumbi kawai, jere, suna motsi.

Matar ta leƙo ta ce, "Wannan na Baffa ne. Wancan mai maɓalli a buɗe na Ortese ne. Kai, ashe liman ya rame."

Ya ce subhanallahi, shi ba zai fille kan dattijai a gaban mutanen Doma ba. Ya gwada wata hanyar. Wannan karon kowa ya fito cikakke a tsaye a tsakiyar allo, sai dai an bar baƙin fili dama da hagu. Wannan shi ne daidai, kowa ya sani, haka ake yi. Matar ma ta ce ai ga shi ya yi. Ya ce bai yi ba. Dattijai sun ƙanƙance sun zama kamar tsinken sakace, ga baƙi ta ko'ina kamar sanarwar rasuwa. Mutum ya kawo maka doya mai nauyi ka mayar da shi ɗan tsito?

Ya danna na juyawa. Hoto ya kifa gefe guda. Kowa ya cika allo daga hula har takalmi, ba abin da ya ragu, ba baƙin fili.

"Maigida, ka kwantar da su."

"Norbert ya ce a kwance ake so. Kuma duba, a hannun dama na kwantar da su, yadda ya kamata."

Ta kwashe agushinta ta shige ɗaki.

Ya duba tsawon bidiyo. Minti biyar da sakan huɗu.

Ya san in ya ƙara gudu ko kaɗan, mai atishawa zai ɓace. Sakan huɗu dole su fita, kuma dole da almakashi. Ya bi layi a hankali yana duba fuskoki a kwance. Wannan ya zo. Wannan ya zo. Wannan har sau biyu ya zo. Ya bi, ya bi, har ya kai ƙarshe. A can ya samu abin da bai yi wa alkawari ba, wanda kuma ba zai kai ƙararsa wurin kowa ba. Sakan huɗu cif. Ya sa almakashi. Ya ajiye a MP4, ya goge na baya, ya shafa ciki.

Ranar Asabar da hantsi ya isa gidan ƙwallo cikin babbar riga. Norbert ya soka filas. Ɗan zoben ya juya sau ɗaya, sai ga koren rubutu. Ta karɓa. Norbert ya yi mamaki, ya ce bari su kalla tukuna kafin mutane su zo. Mutumin ya dafe masa hannu ya ce ba a buɗe tukunya kafin baƙi su zauna.

"Oga, ka duba shi da kyau?"

"Kowa na ciki."

Mutanen Doma suka iso a mota biyu, sun sha huluna. Aka ba su bencin gaba. Alhaji Lawal ya zauna ya harɗe ƙafa, ya ce ya zo da tabarau biyu ko da doyar ƙarama ce. Tersugh da Nguavese suna gefe, shi ya sa sabuwar riga mai baƙi da fari. Dattijanmu arba'in da ɗaya kowa ya zo da iyalinsa, kowa ya faɗa wa nasa su zuba ido. Hajiya Zuwairatu ta buɗe akwati ta fito da jar lasifika, ta rataya wa mutumin a kafaɗa. Ta ce aro ne, sai an ga doya take zama tasa.

Ya kunna ta. Ya gaida shugaba, ya gaida baƙi, ya gaida masu bencin baya da ba su samu wuri ba. Ya ce yau Doma za ta koma gida da labari. A wannan dai bai yi ƙarya ba.

Norbert ya danna.

Liman ya bayyana a kwance. Kafin mutane su ɗaga hannu ya shafa. Fasto ya faɗo a kansa, shi ma a kwance, ya yi tsit-tsit-tsit ya ɓace. Wata tsohuwa a baya ta ce amin ita kaɗai, bayan an wuce mutum uku.

Sai kawuna suka fara karkata. Bencin gaba ya karkata, na biyu ya bi, har baya. Mutum ɗari biyu kowa ya ɗora kunne a kafaɗa. Hular Alhaji Lawal ta faɗi. Ya sunkuya zai ɗauka, ta maƙwabcinsa ta faɗo masa a ƙeya.

A allo kuwa dattijai sai tsalle suke a kwance. Hannuwa suna kaɗawa kamar fiffiken kaza. Mutum biyu suka gaisa, ka ce dambe suke. Babbar riga ta buɗe ta rufe, ta buɗe ta rufe. Murya kuwa ba ka ce ta mutum ba, tsiu-tsiu-tsiu, kamar an taka 'yan tsaki.

Baffa Ya'akubu ya fito. Tarihin kasuwa tun daga kakanni ya ƙare a sakan talatin da bakwai. Matarsa ta ce da ƙarfi, shekara arba'in tana aurensa, yau ne ya gama magana abinci bai huce ba.

Ortese ya miƙe yana nuna wa jikokinsa. "Ga ni nan, ga ni... na wuce."

Mai gwiwar hannu ya rantse ya ga gwiwarsa. Mai atishawa ya ce tasa ta fito, shi ya ji ta. Kowa ya manta da abin da ya tara mu, sai neman kansa yake da wuya a karkace. Wani ya ce a tayar da talabijin ɗin tsaye mana. Norbert ya ce da ƙusa shida ya kafe shi a bango, wanda ya taɓa zai san shi.

Hajiya Zuwairatu kaɗai ba ta karkata ba. Tana zaune a miƙe, hannu a kan jaka, tana kallon mutumin. Shi kuwa yana tsaye gefen allo yana gyaɗa kai, duk wanda ya wulga sai ya kira sunansa a lasifika, amma kafin ya gama sunan an wuce mutum biyu.

Minti biyar ta zo ƙarshe. Aka ga duk mutanen cikin allo sun waiga wuri ɗaya. Aka ga Tersugh ya kama bakin buhu. Mutanen Doma suka matso gaban benci. Alhaji Lawal ya sa tabarau na biyu a kan na farko.

Allo ya yi baƙi.

Aka jira. Janareta yana ta ƙara, ba abin da ya biyo baya. Norbert ya duba filas, ya duba waya, ya ce iyakarsa ke nan.

Alhaji Lawal ya miƙe wuyansa har ya yi ƙara. Ya kakkaɓe hularsa ya ce, cikin ladabi, ko doyar ma ta wuce da gudu ne bai lura ba? Ya ce in haka ne ba laifi, su a Doma doyarsu ba ta gudu, shi ya sa ake ganinta. Mutanensa suka kwanta a benci, wannan karon don dariya.

Tersugh ya ce a kawo na asalin, mai awa uku, za su zauna su kalla ko zuwa magariba ne. Mutumin ya ce ai wannan ya goge shi tun jiya, yana cinye wa waya wuri. Nguavese ta ɗora hannu biyu a ka. Ta ce da ta sani da ta ajiye ko ɓawon.

Hajiya Zuwairatu ta tashi. Ba ta yi sauri ba. Ta taka har gabansa, ta zare igiyar daga kafaɗarsa, ta riƙe lasifikar a tsakaninsu. Ba ta kashe ta ba, don haka har masu shayi a tasha sun ji.

"Ina doyar?"

"Hajiya, sakan huɗu ne suka yi yawa."

"Na ce ina doyar?"

Ya gyara babbar riga, ya dubi dattijai ko wani zai sa baki. Kowa yana murza wuyansa.

"Hajiya, ki yi min adalci. Duk wanda kika gani a allon nan sai da ya tako har gidana ya ce kada in yanke shi. Ita doyar ko sallama ba ta yi min ba."

Hajiya ta rataya lasifikar a kafaɗarta ta ce, "Danginta arba'in da ɗaya ta aiko maka, ka sa aka kirɓe su."